Biyu babu: saurayin karkara tsakanin aji da gona

Da hantsi, lokacin da dattawa suka yi nisa a gona, akwai wani benci a gindin darbejiya kusa da shagon mai cajin waya wanda ba ya rabo da mutane. Da wuya ka shiga gari a karkarar Kano ko Jigawa ba ka ga irinsa ba, daga Tsanyawa har Kirikasamma. Masu zama a kai samari ne 'yan shekara 18 zuwa 25, kuma yawancinsu sun gama sakandare. Takardar sakamako na can gida a naɗe cikin leda a ƙasan akwati. Miƙa wa ɗayansu robar maganin ciyawa ka ce ya karanta maka yawan da za a zuba a tankin feshi mai lita 16, sai ya jujjuya ta ya miƙo maka abarka. Ba shi garma da bijimai biyu ka ce ya fitar da kunya miƙaƙƙiya daga wannan iyaka zuwa waccan, nan ma ya ce bai saba ba. Shekara 12 ya yi yana sintirin makaranta, boko bai zauna ba, sana'ar gida kuma ta wuce shi.

Masu wucewa kan ce lalaci ne ko mutuwar zuciya. Akwai malalata, ba a musu. Amma idan cuta ɗaya ta kama dubban yara a garuruwan da ba su san juna ba, rijiyar da suke sha ake dubawa. Rahoton Bankin Duniya na 2022 ya ce kusan yara 9 cikin 10 a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara suna kai shekara 10 ba su iya karanta ɗan gajeren labari su gane abin da ya ƙunsa ba. Bankin Raya Afirka kuma ya daɗe yana cewa matasa miliyan 10 zuwa 12 ke fitowa neman aiki duk shekara a nahiyar, guraben aikin albashi kuwa ba su wuce miliyan 3 ba. Alƙaluma ke nan na sama. Abin da ya fi amfani shi ne a bi sawun yaro ɗaya tun daga aji ɗaya har bencin nan, a ga inda ƙafarsa ke zamewa.

Aji huɗu, inda ake yin ɓatan kai

Leƙa aji huɗu a firamaren ƙauye. Tsarin ilimi na ƙasa ya ce malami ɗaya ga yara 35, amma ba abin mamaki ba ne ka tarar da ninkin haka ko fiye a ƙasa kan tabarma ko buhu. Malam ya rubuta jimla da Turanci a kan allo, ya karanta, yara su amsa da murya ɗaya har a jiyo su daga bakin rijiya. Sai ya juya ya yi bayanin da Hausa cikin minti biyu, ya ce a kwafa. Dubi littafin yaron da ke layin baya: harafi ɗaya yake ɗauka daga allo ya sauke a takarda, ya sake ɗaga kai, kamar mai kwaikwayon zanen hula. Rubutun zai fito da kyau. Rufe allon ka nuna masa kalma ta uku ka ce mene ne wannan, sai ya yi shiru.

Dalilin ba boyayye ba ne. Yaron nan ana nema ya koyi abu biyu a lokaci guda: yadda baƙi da wasali ke haɗuwa su ba da sauti, da kuma harshen da bai taɓa jin kowa na yi a gidansu ko kasuwarsu ba. Rubutun Hausa na boko yana da sauƙin kamawa, domin wasulansa biyar ne, kuma kusan kowane harafi sauti ɗaya yake bayarwa. Yaron da ya san ba, bi, bu, be, bo, aka bi da shi a tsanake, zai iya karanta wasiƙa kafin ya gama aji biyu. Turanci ba haka yake ba, harafi ɗaya na iya fita da sauti uku ko huɗu. Wanda ya iya karatu da harshensa, dabarar tana hannunsa, sai dai ya koyi sabon harshe kawai. Wanda aka fara da shi da Turanci a garin da babu mai jin Turanci, hadda yake yi, haddar da ba ta da fassara.

Wannan ba sabon ilimi ba ne. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka fara gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida na firamare, Turanci kuma yana matsayin darasi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu ba har a Turancin kansa. Tsarin ilimi na ƙasa tun 1977 ya amince a fara da harshen uwa a azuzuwan farko. A Nuwamba 2022 gwamnatin tarayya ta ce a kai har aji shida, a Nuwamba 2025 kuma aka soke wannan aka koma Turanci zalla. Malamin ƙauye duk wannan kai-komo a rediyo ya ji shi. Littattafan Hausa na lissafi da kimiyya ba su iso shi a wancan lokaci ba, yaran da ke gabansa kuma ba su wayi gari suna jin Turanci a wannan ba.

Sai kuma ɗabi'ar ciyar da kowa gaba. Ba a maimaita aji, don haka yaron da bai iya haɗa gaɓa ba a aji uku, shi ne a aji shida, shi ne a ƙaramar sakandare, giɓin na ƙara faɗi kowace shekara. Uba ba ya buƙatar digiri kafin ya gano wannan. A ƙarshen aji uku, a sami wani rubutun Hausa layi biyar ko shida wanda yaron bai taɓa gani ba, a sa shi ya karanta a bayyane, sannan a yi masa tambaya uku a kan abin da ya karanta. In yana tsayawa a kan kowane harafi, ko yana kallon fuskarka yana cinta, to karatu bai zauna ba, ko da katin sakamakonsa ya ce shi ne na biyar a aji. Maganin da aka gwada ya yi aiki shi ne a ware awa ɗaya kullum, a raba yara gwargwadon abin da suka iya ba gwargwadon ajinsu ba: waɗanda ba su san baƙaƙe ba gefe guda, masu haɗa gaɓa gefe guda, masu karanta kalma, masu karanta jimla. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ce ta fito da wannan tsari, kuma an gwada shi a wasu makarantun jihar Kano. Ba ya buƙatar gini, alli da malami mai zuwa kullum yake buƙata. Na biyun nan ne mai wuya, domin malamin da aka turo daga cikin gari yana hawa babur kilomita 15, tun da aka cire tallafin mai a Mayu 2023 kuɗin hanya ke cinye masa kaso mai tsoka na albashi.

Kalandar makaranta ma ba ta san damina ba. Zango na uku yana kamawa daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa Yuli, daidai lokacin sharar gona, kai taki, shuka da noman firi. Zango na farko kuma, Satumba zuwa Disamba, ya faɗa kan girbin gero, cirar gyaɗa, roron wake da yankan dawa. Ƙara da ranar kasuwa, kamar Alhamis a Maigatari ko Juma'a a Wudil, inda aji kan zama rabi. Sakamakon shi ne yaro yana zuwa makaranta rabi da rabi, yana zuwa gona rabi da rabi. A aji an wuce darasin rabawa ba ya nan. A gona kuma aike da kora tsuntsu ake sa shi, ba a zaunar da shi an nuna masa yadda ake zaɓen iri ko gane ƙasar da ta gaji ba, tunda an ce ɗan makaranta ne.

Tsani mai ɓallen matakala

Bayan aji shida, ƙaramar sakandare galibi tana babban garin mazaɓa, tafiyar kilomita biyar ko bakwai, wani wurin da rafi a tsakani. Namiji ya sami keke ko ya taka. 'Ya mace a nan ake yawan tsayar da ita, kuma sau da yawa ba ƙin boko ba ne, uwa ce ta auna tafiyar daji safe da rana ta ga ba za ta iya ba, ga makaranta ba bayan gida, ga malamai duk maza. Wannan ke jawo wani abin daga baya: asibitin garin ba ungozomar zamani 'yar gari, makarantar ba malama 'yar gari, domin kwalejin jinya ta Birnin Kudu da makarantar kiwon lafiya ta Jahun sai da kiredit a Turanci, lissafi, da darussan kimiyya uku ake shiga, kuma yarinyar ba ta kai inda ake koyar da su ba.

Wanda ya kai babbar sakandare, abin da ke jiransa shi ne zaɓen fanni, kuma a ƙauye ba shi ke zaɓa ba, rashin malami ke zaɓar masa. Makarantar da ba ta da malamin fiziks ko ɗakin gwaji ta riga ta rufe wa ɗalibanta ƙofar likitanci, jinya da injiniya tun suna shekara 15. Tsohuwar jihar Kano ta gane wannan tun 1977 da ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, aka riƙa tace yara da jarrabawa ana kai su kwana, kuma likitoci da injiniyoyi da yawa na jihohin biyu daga irin waɗannan makarantu suka fito. Sai dai gurbinsu kaɗan ne, kuma jarrabawar shiga da Turanci ake yin ta, wanda ya mai da mu aji huɗu.

Daga nan sai jarrabawar tantancewa a aji biyu na babbar sakandare, wadda gwamnatin jiha ke dubawa ta biya wa waɗanda suka ci kuɗin jarrabawar fita. Wanda bai ci ba, uba ya sayar da akuya ko buhun gero. Abin da ake nema a WAEC ko NECO kiredit biyar ne, har da Turanci da lissafi. Nan ne wasu ke kai 'ya'yansu makarantun da ake rubuta amsa a allo. Takarda ta fito da kyau, amma bashi ne aka ci, kuma jarrabawar shiga manyan makarantu ta JAMB ce ke zuwa karɓa.

Tun 2015 da kwamfuta ake yin wannan jarrabawa. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran darussa uku, maki 400. Wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Yaron da ranar ce ya fara zama gaban kwamfuta, minti goma na farko a kokawa da linzami suke tafiya, hannu na rawa, kibiya na gudu daga inda yake so. Alhali ana iya amsawa da maɓallan A, B, C, D, a matsa gaba da N, a koma baya da P, ba tare da taɓa linzamin ba. Awa uku na gwaji a shagon kwamfuta kafin ranar, ko zama jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa, ya isa ya kawar da wannan.

Akwai kuma tarkon takardu, wanda ke kayar da yara masu ƙoƙari ba tare da sun faɗi ko darasi ɗaya ba. Tun 2021 sai da lambar NIN ake rajista, kuma sunan da ke kanta shi ke fitowa. Yaro a firamare an rubuta shi da sunan garinsu a ƙarshe, a sakandare da sunan mahaifi, a NIN kuma mai buga na'ura ya rubuta Muhammad da wata irin ƙira daban, ya ba shi ranar haihuwa 1 ga Janairu don ba wanda ya tuna. Ranar tantancewa a jami'a takardu uku suna nuna mutum uku. Gyara yana cin kuɗi da watanni. Abin yi shi ne tun yaro yana aji ɗaya na babbar sakandare a tsayar da suna ɗaya, jeri ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, a yi NIN da su, a kuma tabbata da su aka yi rajistar WAEC da NECO. Layin wayar da aka nemi lambar rajista da shi ya zama na yaron ne, kada ya zama na mai shago, kuma kada a bari ya mutu, domin ta nan saƙon gurbi ke zuwa. Sannan bayan sakamako ya fito sai an ɗora shi a shafin hukumar, in an ba da gurbi kuma sai an shiga an karɓa. Yara da yawa sun zauna gida shekara guda suna cewa ba a ɗauke su ba, alhali gurbin yana can yana jiran a danna.

Makarantun gaba ba su yi nisa kamar da ba: jami'ar tarayya a Dutse tun 2011, ta Sule Lamido a Kafin Hausa, ta kimiyya da fasaha a Wudil, kwalejin ilimi a Gumel, kwalejin fasaha a Kazaure da Haɗejiya, ta aikin gona ta Audu Bako a Dambatta. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ya fara aiki a 2024. Ƙofofin suna nan, isa bakinsu ne aiki.

Eka ɗaya da takardar sakandare

A ce yaro ya tsallake duk wannan ya riƙe difloma ko NCE. Aikin albashi a ƙaramar hukumar karkara sanannu ne: koyarwa, asibiti, sakatariya, sai kaki. Ba sa ƙaruwa da yawan masu fitowa. Shirye-shirye irin N-Power na 2016 mai alawus ɗin naira 30,000 da J-Teach na Jigawa sun rage zafi, amma na wucin gadi ne. A wannan ƙunci ne 'yan damfara ke cin kasuwa, a ce wa uba ya kawo kuɗi a samo wa ɗansa takardar ɗaukar aiki, ya jinginar da gona, takarda ta zo ta bogi ko kada ta zo sam. Kuma kada alƙaluman hukuma su ruɗi kowa. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ba da rashin aiki kashi 33.3 cikin 100 a ƙarshen 2020, sai ga shi kashi 4.1 a farkon 2023. Ba ayyuka aka samar ba, ma'auni aka sauya: wanda ya yi aikin awa ɗaya a mako don samun kuɗi yanzu mai aiki ne. Da wannan ma'auni duk mazauna bencin darbejiya ma'aikata ne, tunda kowa ya taɓa dakon buhu ranar kasuwa.

Sai a ce su koma gona. Masu faɗin haka daga birni ba su cika yin lissafin gado ba. Ɗauki magidanci mai eka 8, ya rasu ya bar mace ɗaya, 'ya'ya maza 5, mata 4, iyayensa kuma sun riga shi. Matar ta ɗauki tumuni, eka 1. Saura 7 a raba kashi 14, kowane namiji eka 1, kowace mace rabin eka. Gandun da ya ciyar da gida guda ya koma filaye goma. Eka ɗaya ta jigawa, a noma gero da wake sau ɗaya a shekara cikin damina ta wata uku zuwa huɗu, ba za ta riƙe saurayin da ke son aure ba, balle ta bar masa rarar sayen taki. Da can tsarin gandu da gayauna ya rufe wannan: saurayi yana aiki a gandun uba, yana da 'yar gayaunarsa da yake nomawa da yamma, uba kuma ya yi masa aure. Gandu ya watse, abin da ya gaje shi haya ce da jingina, kuma su da kuɗi a hannu ake shigarsu.

Inda kuɗi yake shi ne noman rani, a Kadawa, Kura, Bunkure da Garun Malam da ke shan ruwan madatsar Tiga, da kwarin Haɗejiya wajen Auyo, da fadamun da ake kafa 'yar rijiya a ja da inji. Amma shinkafar rani ba ta yafe kuskure. Irin Faro 44 kan kai kusan wata huɗu. Ana dasa shi daga gadon reno yana da kamar mako uku, in ya tsufa a can ba ya yin 'ya'ya da yawa. Kadada ɗaya, wato kusan eka biyu da rabi, malaman gona kan ba da shawarar wajen buhu huɗu na NPK da biyu na yuriya, kuma yuriyar a raba ta biyu, ba a zuba lokaci ɗaya ba. Sabon shiga yakan kashe jarinsa a haya, huɗa da dashe, sai lokacin zuba taki na biyu ya zo, daidai shinkafa na shirin ɗaukar ciki, aljihu ba komai. Ko kuma kuɗin man inji ya ƙare a bar ta kwana biyar ba ruwa tana fure, ta fitar da zangarniya fara fat ba ƙwaya. Ga jan baki a sama, ga kacalla ta toshe magudanai a kwarin Haɗejiya, ga ambaliya irin ta 2022. Mai tumatir kuma bai manta 2016 ba, shekarar da tsutsar da manoma ke kira sharon ta share gonaki. Ƙa'idar da tsofaffin manoman rani ke bi ita ce kada ka buɗe filin da ya wuce abin da za ka iya kai wa girbi. Rubu'in kadada da aka ba haƙƙinsa ya fi kadada guda da aka yi wa rowa.

Wanda ya ci bashin taki don ya biya da kaka, dole ya sayar a ranar da kowa ke sayarwa, farashi na ƙasa. Ajiya kan taimaka, musamman wake a buhun nan mai hawa uku da ke kashe ƙwari ba tare da magani ba, muddin waken ya bushe sosai kuma an ɗaure kowace leda daban. Amma ita ma ba tabbas ba ce: a 2025 farashin hatsi ya sauko, masu ajiya da yawa suka sayar ƙasa da yadda suka saya.

Cirani kuwa ya daɗe yana toshe wannan giɓi, amma ƙofofinsa na tsukewa. An hana acaɓa a birnin Kano tun Janairu 2013, Legas ta hana a manyan sassanta a 2020 ta ƙara tsanantawa a 2022. Saura dako, turin baro, ga-ruwa, gadi, yankan farce. Sai wayar hannu ta zo da nata alkawarin: caca ta ƙwallo, danne-dannen haƙar kuɗin intanet da ya cinye wa samari watanni a 2024, da kamfanonin ninka kuɗi irin MMM da ya rushe a 2016 da CBEX a 2025.

Kunyar gida

Akwai wata asara da ba ta shiga lissafin kowa. Makaranta, ko ba ta faɗa da baki ba, tana koya wa yaro cewa abin da ubansa ya sani ba ilimi ba ne. A wasu makarantu har tara ake ci ko bulala in an kama ka kana Hausa. Kalmar baƙauye zagi ce. Uba da kansa yakan ce: “Kai dai yi karatu, kada ka ƙare kamar ni.” Da kyakkyawar niyya yake faɗa, amma abin da yaron ke ji shi ne ƙira da jima da saƙa da fawa da noma duk alamar faɗuwa ce. Sai ya taso yana jin kunyar maƙerar gidansu, alhali bai kai ga ofis ba. Ya je Kudu cirani a kira shi aboki da wata irin murya, ya dawo gida a kira shi ɗan boko da wata irin murya.

Hausa dai ba mutuwa take ba, ta cika rediyo da Facebook da TikTok. Abin da ke sirancewa shi ne zurfinta. Dattijo zai bambance maka jigawa da fadama da fako da laka, ya gaya maka abin da kowace ke so. Ya san gero da maiwa, kaura da farfara, ya san dalilin barin gawo a tsakiyar gona, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar shuka ta sha rana, ya kuma taki ƙasa. Jikansa mai takardar sakandare ya haddace sunayen sassan fure da Turanci don jarrabawa, ya manta su bayan mako biyu, waɗannan kuma bai taɓa koya ba. Wannan ilimi ne mai kuɗi a ciki, ba kayan tarihi ba. Dillalin riɗi ko zoɓo da ke sayen kaya a ƙauyukan Jigawa ya kai Dawanau da shi yake cin abinci.

Haka abin yake ga ɗan tsangaya. Gardi ya haddace Alƙur'ani, alaramma ya rubuta shi da ka, yana rubuta wasiƙa da ajami, amma a fom ɗin hukuma sai a sa shi a layin waɗanda ba su yi karatu ba. Ajamin da ke jikin naira 200, 500 da 1,000 shi ke karanta shi, an kuwa cire shi daga ƙananan takardun kuɗi tun 2007. Akwai hanyar da mutane da yawa ba su sani ba: jarrabawar hukumar NBAIS ta nazarin Larabci da addinin Musulunci, wadda ake shiga manyan makarantu da sakamakonta. Mahaddaci yana da abin da ɗan firamare ya rasa, wato juriyar zama da horon ƙwaƙwalwa, shi ya sa in ya sami mai koya masa boko da lissafi a tsanake yakan yi saurin kamawa.

Lokacin koyon sana'a

Rabon kayan tallafi bayan horon mako biyu kusan kullum a wuri ɗaya yake ƙarewa: keken ɗinki ya koma kasuwa kafin wata ya cika. Mako biyu ba ya fitar da tela, kuma garin da ke da gida 300 ba zai ciyar da sababbin teloli 20 ba, kamar yadda masu POS biyar a bakin kasuwa ɗaya ke raba cinikin mutum guda. Kafin a zaɓa wa yaro sana'a, a duba abin da mutanen gari ke hawa mota su je nema a wani gari. A yankin noman rani amsar a bayyane take: mai gyaran injin ban-ruwa, mai kafa rijiyar fadama, mai haɗa sola da famfonta, mai gyaran injin casa da na niƙa, mai feshi da ya san awo, mai allurar dabbobi. Duk waɗannan suna buƙatar hannu, suna kuma buƙatar karatu, domin akwai lambar kayan gyara, akwai awon magani, akwai lissafin wutar da faranti ke bayarwa. A nan ne ɗan makarantar da ya iya karatu da gaske yake fin wanda bai shiga aji ba.

Kuskuren da ake yi shi ne jira sai ya gama sakandare. Ɗan shekara 19 mai takarda yana jin ya wuce a aike shi sayen kunun maigida ko wanke sifana, maigidan ma ba ya son yaron da zai yi masa musu. Lokacin shi ne shekara 12 zuwa 15, yana ƙaramar sakandare: makaranta da safe, islamiyya a lokacinta, shago bayan la'asar da ranakun hutu. Uba ya je da kansa wurin maigidan, da shaida ɗaya, a yi magana a fili: shekara nawa, waɗanne ranaku, wa ke ba da na abinci, ba za a hana shi zuwa aji ranar jarrabawa ba, kuma daga wace shekara zai fara taɓa aiki da hannunsa maimakon miƙo kaya. Shekara uku zuwa huɗu ke fitar da mai gyaran inji da za a iya bar wa aiki. Sannan a fara tara kuɗin kayan aiki tun shekara ta biyu, ko da tunkiya ɗaya ce aka ɗaure da sunansa, domin yaye ba kaya shi ke mai da ƙwararre yaron shago har abada. Mai gyaran injin ban-ruwa abin da yake buƙata na farko bai wuce jerin sifanu, abin kwance fulogi, filaya, sukundireba, da 'yan kayan da suka fi lalacewa irin fulogi, igiyar tayarwa da robar da ke hana famfo yoyo ba, sai keke ko babur da zai bi fadama da shi daga Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin da manomi ba zai iya ɗauke injinsa ya kai gari ya bar shuka da ƙishirwa ba.